Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tsara Sanarwar Coci ta Shekara

Na riƙe littafin sakatare a wata ekklisiya a Filato na wasu shekaru, kuma yawancin rigingimun da na raba a kan sanarwa tun watan Janairu aka shuka su, lokacin da ya kamata a ce an riga an tsara shekara amma aka ce sai an huta daga gajiyar Kirsimeti.

Babban kuskure shi ne a ɗauko kalandar bara a canza lambar shekara kawai. Kirsimeti ba ta motsi, amma Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2025 ta faɗo 20 ga Afrilu, a 2026 kuma 5 ga Afrilu, a 2027 za ta zo tun 28 ga Maris. Jumma'a Mai Kyau da Fentikos duk bin ta suke yi. Don haka a fara kafa waɗannan ranaku, sannan a nemo jadawalin hedikwata da na gunduma, wato DCC ga 'yan ECWA da EYN, kafin kowace ƙungiya ta sa nata. Ni kaina na taɓa buga takardun taron matasa, kuɗi sun fita, sai ga wasiƙa cewa ranar ce taron zumuntar mata na gunduma. Mata suka tafi, har da masu dafa mana abinci.

Wannan ya kawo mu ga zaman da ba a son yi. Zumuntar mata, matasa, mawaƙa, malaman makarantar Lahadi, 'yan Sabon Rai masu fita wa'azin bishara, kowa yana tsara nasa a ɗaki, sai ranar Lahadi a riƙa miƙo wa sakatare 'yan guntayen takardu yana tsaye a gaban jama'a. Maganin bai wuce zama ɗaya a watan Nuwamba ba, da babbar takarda a manne a bango, kowane shugaba ya rubuta ranakunsa kowa na gani. Inda aka yi karo, a sasanta nan take gaban fasto da dattawa.

A kuma duba rayuwar mutanen. Taron farkawa na kwana uku a fili cikin Agusta, ruwa ne zai kore shi, kuma manomi yana gona. Mayu da Yuni yara na fama da jarrabawar WAEC. Bikin godiya kuwa sai amfanin gona ya shigo gida.

Sanarwar Lahadi ita ma tana da ciwonta. Na ga inda ta ɗauki minti arba'in, har mai wa'azi ya tashi mutane na hamma. Idan an faɗi abu goma sha biyar, babu wanda zai riƙe ko uku. A zaɓi uku ko huɗu da suka shafi kowa, sauran su tafi allon sanarwa da WhatsApp. Babban taro a fara ambatonsa saura mako shida, a maimaita saura biyu, a tuna ranar Lahadin ƙarshe, kuma a rubuta waɗannan ranakun tunatarwa a cikin kalandar tun farko. A rufe karɓar takardu ranar Jumma'a. Za a yi gunaguni wata ɗaya, daga nan a saba.

Sai dai kada a ce tunda an tura a WhatsApp kowa ya ji. Baba da Mama da ke zaune a bencin gaba ƙaramar waya ce a hannunsu, wasu ma karatu bai zauna musu ba. Saƙon murya da Hausa ya fi dogon rubutu da Turanci isa, kuma shugabannin addu'ar unguwa su kai magana da baki.

Shafin Facebook na coci kuma, sau da yawa yaro ɗaya ne ke da lambar sirrin. Ranar da ya tafi bautar ƙasa, shafin ya mutu, a buɗe sabo. A sa aƙalla mutum biyu masu kula, ɗaya daga cikin dattawa. A ware kuɗin data, buga takardu da man janareta a kasafin shekara, domin aljihun sakatare ba baitulmali ba ne. A inda tsaro ke da wuya, wuri da lokacin addu'ar dare ba na shafin da duniya ke gani ba ne, haka ma hoton yara sai da yardar iyaye.

A bar wasu Lahadi babu komai a kansu. Rasuwa ba ta jiran kalanda, kuma tun yanzu a san wa zai fara kiran wa idan ta faru, don kada iyali su ji labarin ɗan'uwansu a zauren WhatsApp kafin fasto ya iso gidan.