Lambar gaba a sabuwar motar tsere: kurakuran da aka fi yi ranar karɓar mota a Amurka

Masu ƙera Corvette da Porsche 911 da ire-irensu sun zana hancin motar ne domin iska ta zame ta kansa, ba su bar wa lamba wani fili na kirki ba. Doka kuwa ba ruwanta da kyan zane. A Amurka kowace jiha ita ke da hurumin lambar mota, kuma fiye da rabin jihohin 50 suna buƙatar lamba biyu, gaba da baya. Don haka duk wanda Allah ya hore wa ya sayi irin wannan mota sabuwa dal, yana da shawarar da ya kamata ya yanke tun motar ba ta sauka daga tirela ba. Yawancin ɓarnar da ake yi tana faruwa ne saboda an bar maganar har ranar karɓa, lokacin da zumuɗi ya rufe ido, ga takardu jibge ana ta sa hannu.

Bin dokar inda aka karɓi mota, a manta da inda za a yi mata rajista

Wannan shi ne babban kuskure, kuma yadda kamfanonin suka tsara bikin miƙa mota yana ƙara jawo shi. Mai sayen Corvette yana iya zaɓar ya je ya karɓi motarsa a gidan tarihin Corvette da ke Bowling Green a jihar Kentucky, dab da masana'antar da ake haɗa ta. Porsche tana miƙa motoci a cibiyarta ta Atlanta a Georgia, BMW kuma a tata da ke South Carolina. Duk jihohin nan uku lambar baya kawai suke buƙata. Mutum ya je, ya ga motoci jere kowace hancinta sumul, ya ɗauki hoto, ya kamo hanyar gida yana zaton haka tasa za ta zauna. Idan gidan nasa a New York yake, ko Texas, Maryland, Illinois, Virginia ko California, ranar da lambobinsa suka fito guda biyu za a ba shi, kuma ana sa ran ya ɗaura duka biyun.

Abin da ake dubawa shi ne jihar da motar ke da rajista. Mota mai lambar Florida tana iya yawo a New York da lambar baya kaɗai, domin abin da jiharta ta ba ta ke nan. Mota mai lambar New York kuwa ba ta da wannan uzurin. Haka wanda ya yi ƙaura: California tana ba sabon mazauni kwana 20 ya sauya rajista, Texas da New York kwana 30, kuma daga nan dokar lambar gaba ta hau kansa.

A kula kuma, jerin jihohin yana canzawa. Ohio ta daina buƙatar lambar gaba daga 1 ga Yuli, 2020, Alaska ta bi sahu a 2022, Utah kuma daga farkon 2025. Kada ka dogara da abin da wani ɗan'uwa ya faɗa maka shekara biyar da suka wuce. Ka buɗe shafin ofishin rajistar motoci na jiharka ka karanta da idonka.

Yin shiru har dila ya huda bamba

Motar tana zuwa ne da mariƙin lamba, wato wani faifan roba baƙi, galibi a cikin leda a but. A jihar da ke buƙatar lamba biyu, yaron shagon da ke wanke motar yana shirya ta zai ɗauko faifan nan ya kafa shi da sukurori kai tsaye cikin robar bamba. Aikinsa ke nan, haka yake yi wa kowace mota, ba zai tsaya tambayar kowa ba. Minti biyu ya gama. Wani lokaci ma a karkace. Ramukan kuwa sun zauna ke nan, domin gyaransu sai an cike, an goge, an sake fesa wa bamban fenti, kuma ba kullum sabon fenti ke dacewa da na kamfani ba, musamman launuka masu ƙyalli.

Faɗa wa mai sayar maka da baki ba ya wadatarwa. Shi zai ce "ba damuwa", amma ba shi ke riƙe da na'urar huda ba, kuma ranar da tirela ta iso wataƙila yana hutu. Ka sa a rubuta a takardar odar motar cewa kada a huda bamban gaba. Ka aika saƙon imel ga manajan sashen gyara, ba ga mai talla kaɗai ba. Idan an sanar da kai motar ta kusa isowa, ka sake kira ka roƙi a manna takarda a gilashin gaba da zarar an sauke ta. Wannan naci ba rashin kunya ba ne, kuɗinka ne.

A California akwai wani abin da ya kamata ka sani. Doka ta hana dila miƙa mota ba tare da mariƙin lambar gaba ba, sai idan mai saye ya sa hannu cewa shi ya ƙi a ɗaura, kuma ya san doka na buƙatar lambar. Saboda haka idan dila ya miƙo maka wannan takarda, ba wayo yake maka ba. Sai dai ka fahimci abin da ka sa wa hannu: ta wanke dilan ne, kai ba ta ba ka izinin yawo babu lamba ba. Mutane da yawa suna ajiye kwafinta a mota suna nuna wa ɗan sanda, alhali ita ce shaidar cewa sun san dokar suka ƙi bi.

Idan kuma ka iso ka tarar an riga an huda duk da an rubuta, kada ka sa hannu a takardar karɓa. Ka ɗauki hoto, ka nemi manaja, a rubuta abin da za su yi, ko sabon bamba ko ragin kuɗi. Da zarar ka fita da motar daga harabar, ƙarfin maganarka ya ragu sosai.

Jefa lambar a kan dashbod

Dabarar da kowa ke yi ke nan, a jingina lambar a bayan gilashin gaba a ce ai ana ganinta. A Texas babbar kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka ta riga ta yanke hukunci a 2010 cewa lambar da ke bayan gilashi ba ta cika sharaɗi ba, dole ta kasance a can gaban motar, kuma tarar rashin lamba a jihar tana iya kaiwa dala 200. California ma tana son a ɗaure lambar tam yadda ba za ta riƙa lilo ba, a fili, kuma kada tsayinta daga ƙasa ya wuce inci 60. Ban da doka, faifan ƙarfe mai kaifin baki da ke zaune a gaban fuskarka ba abin so ba ne ranar da aka taka birki da ƙarfi ko jakar iska ta fashe.

Ɗaura ta inda za ta toshe wa motar numfashi ko ido

Nan ne masu bin doka da kyakkyawar niyya suke yin tasu ɓarnar. Kasuwa cike take da mariƙan da ba sa buƙatar huda: wanda ake murɗawa a ramin ƙugiyar jan mota, wanda ake maƙalawa a ragar gaba, wanda ake ɗaurewa ta ƙarƙashin bamba da sukurorin da ke wurin tun asali, da na mannawa da gam mai ƙarfi. Kowanne yana da inda yake cizo.

Na ramin ƙugiya yana tura lambar gefe guda, sau da yawa daidai kan ɗaya daga cikin ƙananan na'urorin da ke ƙara idan ka kusa bugun abu wajen fakin. Sakamakon shi ne motar ta riƙa tsuwa a kowace danja kamar akwai bango a gabanta. Wasu motocin kuma radar ɗin da ke auna tazara da taka birkin gaggawa yana ɓoye ne a ragar ƙasa ko bayan tambarin kamfani, kuma faifan ƙarfe a gabansa yana iya rikita shi ko ya kashe shi gaba ɗaya. Sannan ba kowace mota ce ke da wannan ramin a gaba ba, ka duba kafin ka yi oda.

Batun iska ya fi wannan ɓuya. Mutum zai ce ai injin 911 a baya yake, na Corvette tun samfurin 2020 a tsakiya yake, to me zai dame shi da gaba? Lagiretocin da ke sanyaya injin suna can a kusurwoyin bamban gaba, kuma manyan ramukan nan da kake gani ba ado ba ne. Ka rufe rabin ɗaya da lamba, a tuƙin gari wataƙila ba za ka lura ba, amma a zafin Texas na watan Agusta ko ranar da ka shiga filin tsere za ka ga allurar zafi tana hawa. A ganina, idan za a ɗaura, wurin da kamfani ya tanada ya fi kowane wuri aminci, domin nan ne injiniyoyinsu suka gwada. Abin nema shi ne mariƙin da zai zaunar da lambar a wannan wurin ba tare da huda ba. Idan kuma za ka sa wa gaban motar ledar kariyar fenti, a fara sa ledar kafin mariƙin.

Akwai wani nau'i da ake tallatawa, mai maɓalli da ke ɓoye lambar ko ya juya ta. Ka nisance shi. Texas tana da doka ta musamman a kan na'urar juya lamba, kuma laifinta ya fi na rashin lamba nauyi nesa ba kusa ba. Haka ma ka nisanci murfin roba mai duhu da ke hana kyamara karanta lamba.

Buga sitika a shago

California ta amince da lambar gaba ta mannawa, wadda ake liƙawa a jikin bamba, amma sai ta hannun kamfanin da hukumar rajistar jihar ta yarda da shi. Wadda ka bugo da kanka a intanet, ko da ta yi kama da ta gaske, ba lamba ba ce a idon doka. Kuma amincewar California ba ta shafi mai rajistar New Jersey ba. Nevada tana da sassauci ga motar da aka ƙera ba tare da wata hanyar ɗaura lambar gaba ba, sai dai idan kamfani ya saka mariƙi a but, to ya ba da hanya ke nan, sassaucin bai same ka ba.

Zaton sabuwar mota tana da hutun lamba

Da can akwai wannan. An sha ba da labarin yadda Steve Jobs, tsohon shugaban kamfanin Apple, ya riƙa sauya Mercedes ɗinsa duk wata shida don ya ci moriyar damar da California ke ba sabuwar mota ta yi yawo babu lamba. Wannan ƙofa ta rufe tun 1 ga Janairu, 2019, lokacin da jihar ta wajabta wa dilolin manna lambar wucin gadi kafin mota ta fita. Texas ma daga 1 ga Yuli, 2025 ta koma ba da lambar ƙarfe tun a wurin dila maimakon ta takarda.

Masu cewa "ai tarar ba ta da yawa" suna da ɗan gaskiya. A California sau da yawa takardar gyara ce ake ba mutum, ya ɗaura lambar, a sa masa hannu, ya biya dala 25. Amma rashin lamba dalili ne halastacce da zai sa ɗan sanda ya tsayar da kai a kowane lokaci, kuma a birane kamar San Francisco ma'aikatan fakin suna iya rubuta maka tara motar tana ajiye, yau da gobe da jibi. Baƙo a ƙasar mutane, mai tuƙa mota ja mai ƙarar inji, bai kamata ya ƙara wa kansa dalilin tsayarwa ba.

Idan motar gida za ta

Wanda zai ɗora motar a jirgi zuwa Legas ko Kwatano, kada ya bari a jefar da mariƙin da ke but, ko da a Florida ko Georgia ya saye ta. A Najeriya lamba biyu ce, gaba da baya, kuma jami'an FRSC da 'yan VIO suna kama mota kan rashin lamba ko rufe ta. Lambar Najeriya siffarta kusan ɗaya da ta Amurka, don haka mariƙin Amurka yakan karɓe ta, saɓanin na Turai da aka yi wa doguwar lamba mai tsawon milimita 520. In motar ta iso babu mariƙi, abin da zai biyo baya sananne ne: wani bakanike zai ɗauko sukurori biyu ya kafa lambar a tsakiyar fentin, inda idonsa ya ga dama. Gara ka sayi mariƙin da ya dace da samfurin motar tun tana can, ka sa shi cikin kayan da za su biyo ta, ka kuma gaya wa wanda zai fito da ita daga tashar jirgin ruwa kada kowa ya taɓa bamban sai ka iso.