Kafin ka tura kudin sayo mota mai gudu irin Dodge Hellcat ko Mercedes AMG daga waje, duba wadannan

Abu na farko sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuki a hannun dama, don haka mota mai sitiyari a dama doka ba ta yarda da ita ba, kuma nan ne samari masu son motocin Jafan suke shan kunya, domin Nissan Skyline GT-R R34 da kowa ke mafarki duk a dama kamfani ya yi ta. Wasu dillalai a Dubai za su ce maka ai sai a juya sitiyarin, wallahi kar ka yarda. Motar da aka kera don gudun 250 a awa a ce wani ya yanke mata bangon karfen da ke tsakanin injin da cikin mota ya sake walda? A'a. Ka nemi ta Amurka, Kanada, Jamus, ko wadda aka yi wa kasashen Larabawa tun daga kamfani.

Sai shekara. Da can iyakar tsufan motar da za a shigo da ita shekara 15 ne, aka mai da shi 12 daga shekarar kera motar, kuma lambar shasi ke fada, a motocin Amurka da Kanada harafi na goma. Da lambar nan dai kwastam suke yanke duti tun 2022, to batun a rubuta Mercedes C63 mai tsada a matsayin C300 mai araha don a rage kudi ya zama tarihi. Ka sa ejan dinka ya lissafa maka duti, lebi (karin harajin shigo da mota) da VAT na kashi 7.5 da canjin dalar kwastam na ranar, tun kafin ka shiga gwanjo.

In daga Copart ko IAAI ne, wato kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, ka ciro Carfax, rahoton tarihin motar, ka karanta layi layi. Mai hatsari ana gyarawa, amma wadda ambaliya ta ci ka guje ta, zaka ga fenti fes, ka daga kafet ka tarar da laka busasshiya da tsatsa a kusoshin kujera, bayan wata uku wayarin ya fara hauka. Sannan kwastam din Amurka sai an nuna masu asalin taitul, wato takardar mallakar motar, awa 72 kafin a loda, ba shi ba tafiya.

Irin motar nan kwantena ta fi RoRo, wato jirgin da ake tuka mota a shiga da ita, domin kasa-kasa take, bamba na iya gogewa wurin hawa. Ta shigo ta ruwa, Tin Can ko Apapa, domin tun Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar kasa, hanyar Kwatano kwace ne. Takardun fito kuwa su zauna a motar kullum, za a tambaye ka a hanyar Kano.

Saura man fetur. Hellcat na son firimiyam, wato fetur mai inganci irin na Amurka, namu na gidan mai bai kai ba, sai ka rika kara oktan busta, sinadarin kara karfin fetur, kuma ka samu bakanike mai kwamfutar Dodge tun jirgi bai iso ba.