Ka Buɗe Shafi, Google Bai San da Zamanka Ba: Kurakuran da Na Fi Gani a Bauchi

Wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da humra a Fadaman Mada ta aiko yaronta ya kira ni, wai shafinta na intanet ya lalace. Na je, aka ba ni benci a ƙofar shago, ta miƙo mini wayarta. Shafi lafiyarsa ƙalau, yana buɗewa, har da hoton kasko hayaƙi na tashi.

Na ce, "Hajiya, ina lalacewar take?"

Ta ce, "Ɗana, wata bakwai ke nan da na biya aka yi mini shi. Ko mutum ɗaya bai taɓa kira ya ce a Google ya gan ni ba. Ni kaina in na rubuta sunan shagona, wasu nake gani."

Na buɗe Google na rubuta site: na manna adireshin shafinta a jikinsa, babu tazara a tsakani. Wayam, ko layi ɗaya bai fito ba. Wannan gwaji shi ne na farko da ya kamata duk mai shafi ya yi, kuma bai kai minti ɗaya ba. In ka ga jerin shafukanka, to Google ya san da kai, matsalarka a wani wurin take. In babu komai, duk wata dabara da za a sayar maka, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Laifin bai wuce ɗan akwati guda ba. A WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, in ka shiga Settings ka gangara Reading, akwai wurin da ake sa alama don roƙon injinan bincike kada su ɗauki shafin. Masu ginin shafi kan sa alamar lokacin da suke aiki, don kada a ga gini tun bai kai linta ba, sai su miƙa aiki su manta. Ba zan zagi yaron da ya yi mata ba, ni ma na taɓa mantawa, sati uku cur, kuma mai shafin ne ya gano, ba ni ba. Muka cire alamar, muka yi wa shafin rajista a Google Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi yadda yake ganin shafinsa, wanda kyauta ne, muka ba shi taswirar shafi, wato jerin adireshin duk shafukan da ke ciki. Tun 2020 WordPress da kansa yake haɗa wannan taswira, sai dai ka ƙara wp-sitemap.xml a ƙarshen adireshinka ka gan ta.

Nata mai sauƙi ne. Wanda ya fi yawa, ya kuma fi cin rai, shi ne shafin da Google ya gani sarai amma bai samu abin karantawa a ciki ba.

Makarantun kuɗi sun fi kowa wannan ɗabi'a. Za a kai wa mai zane aiki, ya haɗa fosta mai kyau: ranar fara sayar da fom, ajujuwan da ake ɗauka, lambar waya, kwatancen makaranta, duk a cikin hoto guda. Sai a ɗora hoton a shafi a ce an gama. Fosta ta WhatsApp ce, can take da amfani. Injin bincike rubutu ya fi dogara da shi, kada ka jingina kasuwancinka da cewa zai tsinci kalmomin da ke cikin hoto. Ka bar fostar in kana son ta, amma duk abin da ta ƙunsa ka sake rubuta shi a ƙasanta da haruffan da za a iya kwafa. Haka masu abinci da jerin farashinsu, haka masu otal.

Sai kuma maganar wace kalma za a rubuta, inda na fi daɗewa da duk wanda na zauna da shi. Mu nan muna da wata kunya: in za a rubuta abu a intanet sai an nemo Turanci mai ƙyalƙyali, irin na kamfanonin Legas. Shafin Hajiya cike yake da maganar inganci da gamsar da abokan hulɗa, amma ka duba daga sama har ƙasa babu inda aka rubuta "turaren wuta", babu "humra", babu ma "Bauchi". To ita matar da ke Gwallameji tana haɗa wa ƙanwarta kayan aure, me za ta rubuta a wayarta? "Turaren wuta Bauchi" za ta rubuta, ko ta gauraya Hausa da Turanci yadda muke magana a gida. Abin da ba ka rubuta ba, da wuya a nemo ka da shi.

Ba sai ka sayi wata manhaja ba kafin ka san kalmomin mutanenka. Buɗe WhatsApp ɗinka ka karanta saƙonni hamsin na baya daga masu saye. Yadda suka kira kayan, da tambayar da suke maimaitawa, nawa ne, kuna kaiwa Azare, akwai na kwalba ƙarama, su ne abin da shafinka zai amsa. Sannan ka fara rubuta sunan hajarka a Google ka tsaya, ka ga abin da yake ƙarasa maka. Ka kuma lura da bambancin baki. Mu masa muke cewa, Bakano waina zai rubuta. Mai masa a Wunti da ke son baƙon da ya sauka daga Kano ya same ta, sai ta ambaci duka biyun a cikin zance, ba tare da ta takura shi ba.

Akwai kuma rigimar haruffa masu lanƙwasa. Ni ina cikin masu cewa a rubuta Hausa daidai, ƙ ta zama ƙ, ɗ ta zama ɗ. Amma gaskiya ɗaya ce, yawancin masu nema "dinki" suke bugawa, ba "ɗinki" ba, don allon wayarsu ba shi da harafin ko kuma ba su damu ba. Gwada da kanka: nemi kowanne, ka kwatanta abin da ya fito. Abin da nake yi shi ne in rubuta jikin shafi da ƙa'ida, adireshin kowane shafi kuma in bar shi da haruffa marasa lanƙwasa, tun da dama sun fi sauƙin kwafa da turawa. Bayan 'yan makonni Search Console zai nuna maka ainihin yadda mutane suka rubuta kafin su gan ka, daga nan ka san inda za ka karkata.

Taken shafi, wato layin nan da ke fitowa da manyan haruffa a sakamakon bincike, shi ne allon ƙofar shagonka. Na ga shafuka da yawa da takensu bai wuce "Home" ba, wasu kuma shafi goma duk take ɗaya. Kowane shafi a ba shi nasa: abin da ake sayarwa, gari, sannan sunan shago. Ka tsaya wajen haruffa 60, in ya zarce haka yawanci Google kan datse shi. Kuma kada a cusa komai a shafi guda. Humra nata daban, turaren kaya nasa daban, kayan amare nasu daban, kowanne da hotonsa da farashinsa da bayaninsa.

Da zarar mutum ya ji wannan, sai ya zarce gona da iri. Ka ga an rubuta "tela a Bauchi, tela mai kyau a Bauchi, Bauchi tela" sau ashirin a sakin layi ɗaya, kamar mai tallan magani a tashar mota. Google ya daɗe da gane wannan, yana ɗaukarsa a matsayin maguɗi, mutum kuma in ya karanta sai ya fice. Wani akwatin ɓoye da ake cikawa da jerin kalmomi, wanda har yau wasu ke karɓar kuɗi don su cika maka, tun 2009 Google ya sanar ba ya amfani da shi wajen jera sakamako.

Ga mai shago, asibiti, gareji ko makaranta, sau da yawa taswirar gari ta Google Maps ta fi shafin kansa kawo mutane. Google Business Profile kyauta ne, shi ne ke sa sunanka ya fito da lambar waya da hanyar zuwa. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne alamar wuri. Kwatancenmu na "bayan masallaci, kusa da gidan mai" taswira ba ta gane shi, sai ta jefa alamar a tsakiyar gari. Mutum yana Titin Jos, taswira ta kai baƙonsa Ƙofar Gombe. Ka tsaya a ƙofar shagon da kanka ka ja alamar zuwa inda ƙafarka take. Ka sa lokutan aiki na gaskiya, har da rufewar Juma'a, in azumi ya zo ka gyara. Suna da lambar waya su zama iri ɗaya a taswira, a shafi, a Facebook. Sunan da ke kan allonka shi za ka sa, kada ka yi masa jela da "mafi araha a Bauchi", don hakan ya saɓa ƙa'ida, ana iya dakatar da kai. Batun sharhi da taurari kuma, roƙi wanda ya saya da gaske ya rubuta. Tara ƙanne da abokan ango su zuba taurari biyar rana ɗaya, ana share su, wani lokaci a haɗa da hukunci.

Nauyin shafi ma yana korar mutane tun kafin su ga komai. Hoton da ka ɗauka da waya yakan kai megabait 4 ko 5. Ka jera goma sha biyar a shafin farko, ka buɗe a ofis inda sabis ke da ƙarfi, ka ce ai yana gudu. Wanda ke Ningi ko Misau da datar naira ɗari biyu fa? Google yanzu fuskar waya ta shafi yake dubawa wajen tantancewa, ba ta kwamfuta ba, kuma a ma'auninsa babban abin da ke saman shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Saka adireshinka a PageSpeed Insights ka ga inda kake. Gyaran yawanci rage hotuna ne: a mayar da su WebP, wani tsarin hoto mara nauyi, kowanne ya dawo ƙasa da kilobait 200, Squoosh na yin wannan kyauta. Hotunan nan masu zamewa da kansu a saman shafi, da bidiyon da ke tashi ba a taɓa shi ba, a cire su. Mai shafi ne kaɗai suke burgewa.

In adireshinka bai fara da https ba, tun 2018 Chrome ke nuna wa mai shigowa cewa shafin ba shi da tsaro. Let's Encrypt na ba da takardar shaidar tsaron da ke mayar da shi https kyauta, yawancin kamfanonin da ke ajiye shafuka dannawa ɗaya ce. Kada a caje ka a kan wannan.

Yanzu ga masu alƙawari. Za a turo maka saƙo: biya kaza, a sati biyu kana na ɗaya a Google, ga mahaɗai dubu, wato links daga wasu shafuka, da za su nuno shafinka. Google da kansa ya rubuta cewa babu mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Mahaɗan saye kuwa tun gyaran tsarin bincikensa na 2012 da ake kira Penguin yake yaƙi da su, in ka yi sa'a ya yi watsi da su kuɗinka su bi ruwa, in ba ka yi ba shafin ya nutse. Mahaɗi guda daga jaridar yanki da ta yi labarinka, ko daga ƙungiyar sana'arku, ya fi dubun nan. Biyan kuɗin talla a Google ma ba ya ɗaga ka a sakamakon da ba na talla ba, ranar da kuɗi suka ƙare tallan ya tsaya.

Ɗan'uwan wannan shi ne kwafe. Wani mai motocin haya da ke kai baƙi Yankari ya nuna mini shafinsa, tarihin gandun dajin ne kaf, an ɗebo daga wani wuri. Na ce, "Yallaɓai, wannan akwai shi a wuri ɗari, me zai sa a zaɓi naka?" Abin da ya sani wanda babu a can shi ne: ƙarfe nawa ya kamata a bar Bauchi, cewa a Dindima ake barin titin Gombe a nufi ƙofar Mainamaji, cewa da rani aka fi ganin dabbobi don suna taruwa a bakin ruwa, abin da za a riƙe in za a shiga ruwan Wikki da yara. Wannan shi baƙo ke nema. Masu sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zubo musu rubutu ɗari a dare ɗaya su ma su sani, a watan Maris na 2024 Google ya tsaurara ƙa'ida kan tara rubutu barkatai don neman matsayi, ko mutum ya rubuta ko na'ura.

Kafin in bar shagon Hajiya na yi mata tambayar da nake yi wa kowa: "Sunan adireshin nan, da imel ɗin wa aka yi masa rajista?" Ta dubi yaronta, yaron ya dubi ƙasa. Da na wanda ya gina shafin ne, shi kuma yana bautar ƙasa a kudu. Sunan adireshi haya ce, galibi ta shekara, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin kulawar NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng. Saƙon tunatarwa imel ɗin da aka yi rajista da shi yake zuwa. In wa'adi ya wuce ba a biya ba shafi ya ɗauke, in aka daɗe wani na iya saye, duk sunan da ka tara a Google ya tafi da shi. Saura wata biyar nata ya ƙare. Allah ya taimaka wanda ya gina shafin yaron kirki ne, ya ɗauki waya, a daren muka mayar da rajistar da Search Console duk kan imel ɗinta, ta rubuta kalmar sirrin a bayan littafin bashi.

Shafukanta sun fara bayyana a hankali cikin makonnin da suka biyo baya. Da na koma bayan wata biyu muka duba kalmomin da ake nemanta da su, "turaren amare" ne a sama, abin da take haɗawa kullum amma ba shi da shafin kansa. A nan kan bencin ta faɗa ina bugawa: abin da ke cikin kowane haɗi, farashi, da kwana nawa kafin biki ya kamata a yi mata magana.