Ga masu son injiniyancin noma

Ƙannena na Katsina da Daura, ku kula wajen cike JAMB: wannan kwas injiniyanci ne, ba karatun noma zalla ba. Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri ake zaɓa. Na ga yaro mai ƙoƙari ya sa bayoloji a madadin lissafi, ya yi asarar shekara guda. Karatun shekara 5 ne, akwai shi a ABU Zariya da BUK.

Idan SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke fita yi a wuraren aiki, ya zo a aji 4, don Allah kada ku ɓuya a ofis kuna shan fanka. Ku nemi wajen noman rani, kamar madatsar Jibiya ko Zobe, ko garejin masu ƙera injin casar gero. Waldar ma ku koya.