Kurakuran da Mutanenmu Ke Yi a Sansanonin Dajin Masai Mara

Sau uku ina zuwa Masai Mara, a gundumar Narok ta ƙasar Kenya, kuma tun da na dawo daga zuwa na biyu duk wanda ya ɗaura niyyar tafiya cikin dangi ko abokan aiki sai ya kira ni. In ba shi shawara, ya ce ya ji, ya tafi, ya dawo yana ba ni labarin ainihin abin da na ja masa kunne a kai. Na gaji da maimaita magana a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskuren da ya fi cin kuɗina shi ne zaɓen sansani da ido. Zuwana na farko hoto ya ruɗe ni: tantuna a ƙarƙashin bishiyoyi, samari cikin jajayen mayafai, ga alkawarin kare muhalli da tallafa wa al'umma an rubuta da manyan baƙaƙe. Na biya kuɗin kwana huɗu ban tambayi komai ba. Da na isa, janareto ne ke ruri har ƙarfe sha ɗaya na dare. Da safe na zagaya bayan kicin na tarar da tulin robobin ruwa, ga wani bututu yana zubar da ruwan wanke-wanke cikin kwazazzabon da ke gangarawa rafi. 'Yan Masai kuwa, ƙabilar makiyayan da ke zaune a yankin, ba ka ganinsu sai lokacin cin abincin dare, a kira su su yi rawar tsallen nan tasu, a tafa musu, su koma bakin ƙofa su ci gaba da gadi. Babu ko ɗaya a ofis, babu mai tuƙa mota. Har yau in na tuna raina na ɓaci, don da kuɗina aka yi wannan, kuma ina zaune ina ganin kamar alheri nake yi.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne Mara kashi biyu ce. Akwai gandun dajin gwamnati, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,500, wanda ya haɗa iyaka da Serengeti ta Tanzaniya. A kewayensa kuma akwai filayen da mallakin 'yan Masai ne, suka haɗa su wuri guda suka ba da haya ga masu sansanoni, irin su Naboisho, Mara North, Olare Motorogi da Ol Kinyei. Naboisho kaɗai, wadda aka kafa a 2010, filayen mutum sama da 500 ne, eka kusan 50,000, kuma ma'anar sunan a harshensu na Maa shi ne haɗuwa wuri ɗaya. Mai fili yana karɓar kuɗin hayarsa, shanunsa na kiwo a ciki bisa tsarin da aka yarje a kai, ana ƙayyade yawan gadaje da motoci. A can ne ake barin fita kallon dabbobi da dare ko tafiya da ƙafa tare da jagora, abin da ba a yarda da shi a gandun gwamnati ba. Ya fi tsada, ban musa ba. Amma ka san hannun da kuɗinka ke shiga.

Yanzu ba na tura ko sisi sai an amsa mini tambayoyi a rubuce. Filin na wane ne, kuma wa ake biya haya? 'Yan Masai nawa ke aiki, kuma wane aiki, gadi kawai ko har da jagorancin baƙi da riƙe ofis? Wuta daga ina, ruwa daga ina, shara ina take zuwa? Mai gaskiya yana amsawa a yini ɗaya, da adadi. Wanda ya turo maka ƙarin hotunan faɗuwar rana, rabu da shi. Ƙungiyar Ecotourism Kenya tana ba sansanoni shaidar tagulla, azurfa ko zinariya, ina dubawa, amma ban taɓa dogara da ita kaɗai ba. Wasu na cewa na cika bincike. To, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Kuskure na biyu kuwa saura ƙiris ya ci raina, kuma irin namu ne mu masu tashin asuba. Sansanonin kirki yawancinsu ba su da shinge, da gangan, don kada a tare wa dabbobi hanyarsu. Ranar da ka sauka za a gaya maka: da duhu kada ka fita daga tanti sai ka haska tocila mai gadi ya zo ya raka ka. Na ji, na gyaɗa kai. A kwana na biyu na zuwana na biyu na farka wajen biyar da kwata, butata ba ruwa, na ce ai famfon nan bai fi taku talatin ba, ina dalilin tayar da bawan Allah? Na zuge zif na fita. Ban yi taku goma ba na ji wani irin huci a hagu, mai nauyi, da warin dabba mai ɗumi. Sai murya daga bayana, ƙasa-ƙasa, da Suwahili: "Simama." Wato tsaya. Mai gadin ne, wani dattijo da mashi a hannu. Ya haska ƙasa, ba fuskar dabbar ba, sai ga ƙafafun ɓauna, tsohon namiji shi kaɗai, yana kiwo a gefen hanya. Ya riƙe mini kafaɗa muka riƙa ja da baya a hankali. Igiyar tanti ta harɗe ni na faɗi, idon sawuna ya gurɗe, sauran kwana biyun da na biya a kwance na yi su.

Ba ƙafar ce ta fi damuna ba. Da gari ya waye manaja ya kira dattijon nan yana tuhumarsa yadda aka yi baƙo ya fita bai gani ba. Mutumin da ya kwana a tsaye cikin sanyi ya cece ni, shi ake wa faɗa saboda taurin kaina. Sai da na sa aka tallafe ni zuwa ofis na faɗi gaskiya kafin maganar ta mutu. Don Allah 'yan uwa, ku bar ganin kun san daji don kun taɓa kwana a Yankari. Ɓauna ɗaya tilo da dorinar da ta fito kiwo da dare sun fi zaki haɗari ga mai tafiya a ƙasa, kuma in ka yi gangancin ba kai kaɗai za ka biya ba. Ni dai tun daga ranar, butata da nake tafiya da ita ina cika ta tun bayan isha'i, in yi alwala a banɗakin cikin tanti, in yi sallata a ciki. Ku kuma lura, alƙibla a can ba gabas ba ce kamar gida. Arewa ce, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Na ga wanda ya yi kwana uku yana kallon mafitar rana.

Ziyarar ƙauyen Masai nan ma ana tafka abin kunya. Mutum ya sauko daga mota waya a sama, bai yi sallama ba, ya cusa ta a fuskar tsohuwa. In baƙo ya shigo gidanku ya yi wa mahaifiyarka haka, me za ka yi masa? Ka gaisa tukuna: "Supa" ga namiji, "Takwenya" ga mace, godiya kuma "Ashe". Yaro zai sunkuyo maka da kai, gaisuwa ce, ka dafa masa. Sannan ka nemi izinin hoto, in an ƙi ka haƙura. Kada ka tambayi magidanci shanunsa nawa. Mu da muka tashi da Fulani bai kamata a koya mana wannan ba. Ɗakunan nan gajeru na itace da laka da kashin shanu mata ne ke gina su da hannunsu, saboda haka kada ka shiga kana toshe hanci. Kuɗin ziyara kuwa ka tambaya tun a sansani hannun wa zai shiga, kuma ka ga an rubuta, don na taɓa miƙa wa direba ban ga ya ba kowa ba. Alawa da biro da ake raba wa yara ta tagar mota na daina, bara kawai suke koya musu. In da abin da zan bayar, hannun malamin makaranta nake sawa.

Sai ciniki. Na san jininmu ne, ni ma ɗan kasuwa ne ya haife ni. Amma matar da ta shafe kwanaki tana shirya duwatsun abin wuya ɗaya bayan ɗaya a zaren waya, ka tsaya kana taya mata rabin rabin kuɗi, kai da ka biya ɗaruruwan daloli kwana ɗaya? Ni sau ɗaya nake neman ragi, in ta ƙi in biya.

Ruwan wanka a irin waɗannan sansanoni sau da yawa bokiti ɗaya ne ake dafawa a rataye maka. Jiƙa jiki, rufe, sa sabulu, buɗe. Wanda ya saki ruwa yana waƙa da kumfa zai ƙare, kuma wani ne zai sake ɗaukowa. Wutar sola ce, kada ka zo da dutsen guga ko hita. Kilishi da dambun nama ka miƙa su kicin a ajiye maka, don goggon biri ya iya buɗe zif, kura kuma hancinta ba ya kuskure. Maganar naman halal ka yi ta tun lokacin biyan kuɗi, domin daga nesa ake kawo cefane, ba ranar da ka zauna a tebur ba.

Ana cewa Afirka ce ai, zafi ne, a tafi da 'yar shara. Mara tudu ce, sama da mita 1,500, fitar ƙarfe shida na safe a buɗaɗɗiyar mota sanyinta kamar tsakiyar hunturu a Jos. Ka ɗauki rigar sanyi da hula. Shuɗi da baƙin tufa na jawo ƙudan tsando, ka nemi ruwan ƙasa. Ƙananan jiragen da ke tashi daga filin Wilson a Nairobi kilo 15 suke yarda da shi, a jaka mai laushi, ba akwatin ƙarfe ba. Leda haramun ce a Kenya tun 2017, robobin ruwa na sha-ka-yar kuma an hana su a gandun daji tun 2020. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro kuma ka ga likita tun kafin tafiya. Kuɗin shiga gandun gwamnati ka tambaya ko yana cikin abin da ka biya, don a 2024 ya kai dala 200 a yini ga babba daga Yuli zuwa Disamba.

Daga Yuli zuwa Oktoba ne garken nyumbu, wata dabba mai gemu da ta fi ɓauna ƙanƙanta, sama da miliyan ɗaya, ke shigowa daga Serengeti suna tsallake kogin Mara, kadoji na jiransu. Kowa wannan yake son gani, kuma a nan ne baƙi ke matsa wa direba ya kutsa gaba, har da cusa masa kuɗi. In motoci suka tare bakin gangare garken kan tsorata ya juya, ko ya faɗa ta gurbi mai tsayi su karye. Jagorana na ƙarshe, wani matashi ɗan Masai da ya yi karatu a makarantar horar da jagorori ta Koiyaki, ya kashe mota can nesa ƙarƙashin wata bishiya ya ce mu jira. Awa biyu da rabi muna zaune, ba abin da ke motsi sai ƙura. Wani abokin tafiya ya fara mita, ya zaro kuɗi, yaron ya girgiza kai bai ko kalle su ba. Can wajen sha ɗaya jakin dawa guda ya sa ƙafa a ruwa, sai dubbai suka biyo shi, sannan ne ya tayar da mota muka matsa.