Zubin darmar birgi da taru: kurakuran da ke ɓata tukunya da yadda ake gyara su

Duk mai zuba darmar kamun kifi, ko ta birgi ko ta kalli ko ta taru, a Yawuri yake ko a bakin Tafkin Chadi, yawancin kayansa daga hannun 'yan gwangwan suke fitowa. A wurinsu kuwa duk abu mai nauyi mai launin toka sunansa darma. Sai an ɗora tukunya ake gane ba haka ba ne. Mafi yawan zubin da ke lalacewa tun a wajen tsinta ya lalace, kafin a hura wuta.

Kuskure na farko, kuma mafi cin kuɗi, shi ne barin tutiya ta shiga. Ƙananan darmomin da ake maƙala wa wilin mota don daidaita taya a da duk darma ce. Amma tun shekarar 2005 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana amfani da ita a nan, aka koma tutiya da baƙin ƙarfe, ga shi kuma motocin hannu da yawa daga can ake shigo da su. Don haka robar da mai faci zai tara maka gauraye take. Ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Mai rubutun Zn tutiya ce, mai Fe ƙarfe ne, amma ba duka ke da rubutu ba. A ciza da filaya mai yanka: darma na nutsewa ta bar gurbi mai zurfi, tutiya kuwa sai dai ɗan ƙarzane. A saki a kan siminti: darma na faɗuwa tim, ba amo, tutiya na ƙara kamar kwabo. Mayen ƙarfe yana taimakawa, sai dai a taɓa shi a gefen darmar, domin maƙalin tsakiya dama ƙarfe ne.

Idan dunƙule ne babba wanda wani ya riga ya narka, a auna shi a sikeli, a nutsa shi cikin ruwa a mazubi mai awo. Kilo ɗaya na darma yana ɗaga ruwa da kimanin mililita 88, na ƙarfe 127, na tutiya 140. Abin da ya haura 95 akwai baƙo a cikinsa.

Ko bayan tsinta wata za ta kuɓuce, a nan ne wuta ke yin ceto. Darma na narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyos, tutiya sai 419. Muddin tukunya ba ta kai 400 ba, tutiyar za ta taso tare da maƙalan ƙarfe ta yi iyo, a kwashe ta da cokali mai huji. Abin da ake yi ba daidai ba shi ne a cika tukunya fal, a dage da zuga-zugi, a tafi wani aiki. Gindin tukunya yana wuce 419 tun saman bai motsa ba, tutiyar da ke ƙasa ta narke ta bi jikin sauran. Gyaran shi ne a fara da darma mai tsabta kaɗan har ta zama ruwa, sannan a riƙa ƙara ta taya kaɗan-kaɗan, busasshiya, ana kwashe abin da ya taso nan take.

In kuwa ta riga ta shiga, alamar ba ta ɓuya: saman yana yin gudaji kamar kunun da bai damu ba, kuma ruwan ba ya cika lungunan mazubi. A rage wuta har ya kusa daskarewa, a kwashe gudajin, a maimaita. Ba za ta koma kamar da ba. A yi manyan nauyi da ita waɗanda ba sa neman kyau, kada a zuba ta cikin mai kyau da fatan za ta ɓace. Saboda wannan dalilin ne ma ba a narka darma a bokitin kwano ko tsohon langa-langa, domin rufin jikinsu tutiya ce.

Tukunyar alminiyam ita ma a bar ta. Gaskiya ne sai digiri 660 take narkewa, amma tun kafin nan take yin laushi, kuma lita ɗaya ta narkakkiyar darma ta fi kilo 10. Gindi ya ɓalle, duk abin a ƙafafu zai sauka. Ƙarfe mai kauri ake so, a kan murhun da ba ya girgiɗi.

Sai batirin mota. Shi ne ya fi samuwa, shi ne ya fi arha, kuma shi ne ya kamata a ƙi gaba ɗaya. Farantan cikinsa ba zallar darma ba ne: raga ce siririya da aka shafe da ƙullin garin darma, jiƙe da ruwan asid. A wutar gawayi ragar kaɗai ke narkewa, ƙullin ya bushe ya zama ƙura mai guba da iska ke rabawa cikin unguwa. Bayan haka, batiran zamani da ba a ƙara musu ruwa da sinadarin kalsiyam ake haɗa darmarsu. Idan kashinta, wato dattin da ke tasowa a samanta in ta narke, ya gauraya da na darma mai sinadarin antimoni ko asenik, danshi ya taɓa shi, yana fitar da iska mai kisa. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, babban birnin Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008 sakamakon fasa tsofaffin batira a cikin unguwa. A sayar da batir ɗungurungum ga masu kai shi masana'anta, a sayi darma da kuɗin.

Kuskuren da ke makantar da mutum cikin ƙiftawar ido shi ne ruwa. Ɗigo ɗaya idan ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar darma yana zama tururi, ya kumbura fiye da sau dubu da ɗari shida, ya watsa tukunyar sama. Wurin ɓuyansa: cikin tsohon bututu, ramin tsohuwar darmar taru da laka ta toshe, ludayin da ya kwana a raɓa, mazubin yumɓu da bai gama bushewa ba. Duk abin da ake shakkarsa a sa shi a tukunya tun tana sanyi, su ɗau zafi tare. Bututu a tsaga shi a tsaye tukuna. Ludayi da cokali a gasa su a bakin wuta kafin su nutsa. Da damina a yi aiki a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ba a sarari ba, ba kuma cikin ɗaki ba. Tabarau mai rufe gefe, safar fata, rufaffen takalmi da kayan auduga. Riga mai roba-roba narkewa take ta manne a fata.

Game da haɗi, da yawa suna zuba komai tukunya ɗaya, alhali ba darma ɗaya ce ke yin kowane aiki ba. Mai laushi ita ce ta fallen rufi, ta tsohon bututun ruwa, da ta taya irin mai gam wadda ake mannawa. Farce yana yi mata zane. Mai tauri ita ce ta taya mai maƙali, wadda ke ɗauke da antimoni kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari da ɗan kuza. Ta fi kowa tauri tsohuwar darmar maɗaba'a ta injin Linotype: darma kashi 84, antimoni 12, kuza 4. Darmar birgi da ake naɗewa ko matsewa a jikin igiya mai laushi take so. A yi ta da mai tauri, sai ta tsage a wajen lanƙwasa, ko ta ƙi kamawa, ko kaifin tsagar ya riƙa cin igiya. Wadda ake zubawa da rami a zura mata igiya kuwa, tauri ba ya cutar da ita, har ya fi jure duwatsu. In mai laushi ta yi kaɗan, kilo 3 nata da kilo 1 na ta taya suna ba da antimoni kusan kashi 1, kuma yana lanƙwasuwa. Kafin a zuba da yawa, a zuba guda, ta huce, a naɗe ta a gani. A kuma sani cewa darma mai antimoni tana ƙara tauri cikin makonni biyu zuwa uku bayan zubi, don haka a ɗaura ta da wuri.

Kuza ba don tauri ake sa shi ba, don ruwan ya gudana ya cika ƙananan mazubai ne. Kashi 1 zuwa 2 ya isa. A kilo 10, giram 170 na darmar masu gyaran rediyo mai lamba 60/40 (kuza kashi 60, darma 40) yana ba da kashi 1, giram 340 kashi 2. Wuce haka asarar kuɗi ce, ga shi kuza bai kai darma nauyi ba. Kowane iri a narka shi daban, a zuba ƙananan sanduna, a buga musu alama da ƙusa.

Wani kuskuren shi ne kwashe fatar da ke taruwa a sama ana zubarwa. Kuza da antimonin da aka saya da tsada suna cikinta. A barbaɗa busasshen garin katako cikin hannu ɗaya, ko kakin kyandir kamar girman gyaɗa, a bari ya ƙone, a juya sosai ana kankare gefe da gindi. Abin da ya saura baƙin gari, shi ne datti na gaskiya. Kakin yana iya kamawa da wuta, don haka a janye fuska.

Zubi mai tamoji yana nufin mazubi ko darma ta yi sanyi. A ɗumama mazubin, na farko-farko a mayar da su tukunya. Mai fari-fari kamar an barbaɗa toka, zafi ya yi yawa. Rami a tsakiya kuwa daga tsuke hannu ne: darma na tsukewa idan tana hucewa, sai a bar ɗan tudu a bakin mazubi ta ja daga ciki. Baƙin hayaƙin kyandir a cikin mazubi yana sa ta fita salin-alin. Tukunyar da ta fara yin jawur ta wuce gona da iri, a lokacin ne hayaƙin darma ke ƙaruwa.

Kuskuren da ba a ganin illarsa a ranar shi ne yin wannan aiki a tsakar gida. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai darma da ake niƙawa cikin gidaje. A 2015 aka sake gani a Rafi ta Jihar Neja. Ƙurar kashin darma ita ma ta hannu zuwa baki take shiga, kuma yaro mai rarrafe ya fi kowa kwasarta. Tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, tana ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan da ke cikinta. Shan madara bayan aiki ba ya fitar da ita. Wurin zubi ya yi nisa da gida da rijiya da inda ake shanya kifi. Ba goro, ba sigari, ba abinci sai an wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce. Kayan aiki a tuɓe su a can, kada a haɗa wankinsu da na yara. Tukunya da ludayin da suka taɓa darma sun bar madafa har abada. Kashin darma a tara shi a gwangwani mai murfi, a busasshen wuri. Mai jefa birgi da ya saba riƙe gefensa da haƙori ya bar tazarar igiya marar darma a inda bakinsa ke kamawa. Wanda kuma ya daɗe a sana'ar yana fama da ciwon ciki, taurin bayan gida, kasala ko sanyin wuyan hannu, ya je asibiti ya faɗa musu aikinsa, ya nemi a auna darma a jininsa, a auna na yaran gidan ma.