Yadda Ake Neman Tsofaffin Sulalla da Na'urar Gano Ƙarfe

Sulalla na zubewa ne inda mutane suka saba zama ko ciniki: tsohon filin kasuwa, mashigin rafi, bakin rijiya, gindin babbar bishiya. Tsohuwar taswira da hira da dattawa sun fi na'ura mai tsada nuna irin waɗannan wurare. Sai dai a fara neman izinin mai fili, a kuma san dokar ƙasa, don ƙasashe da yawa sun hana tono a wuraren tarihi.

Da isa wurin, a daidaita na'urar da ƙasar. Ƙasa mai sinadarin ƙarfe tana sa ta kukan banza, ta kuma rage mata zurfi. Faifan da ke ƙarshen sandar na'urar, wanda ake lilo da shi a kan ƙasa, ya kasance a kwance, kamar santimita 2 daga ƙasa, kar a ɗaga shi a ƙarshen lilo. Kowane lilo ya hau rabin wanda ya gabace shi.

Gaggawa ce ke cin yawancin masu nema. Tsohon mazauni cike yake da ƙusoshi masu tsatsa, kuma idan sule na kwance kusa da ƙusa, ƙarar ƙusar takan danne nasa. Saboda haka a tafi a hankali, a sa ƙaramin faifai, kuma kar a ƙure maɓallin tace ƙarfe, wato mai hana na'urar yin ƙara a kan ƙarfen da ba a so: wanda ya tace alminiyom gaba ɗaya ya tace zinariya ma, don lambobin da na'urar ke nuna musu kusan ɗaya ne. Idan an ji ƙara, a juya a sake bi ta kansa a gicciye. Sulen da ke kwance yakan amsa iri ɗaya ta kowane ɓangare, ƙusa kuwa takan canza murya. Sulen da ya tsaya a kan gefensa amsarsa rarrauna ce, amma ya cancanci tono. Yawanci ana samun sulalla a zurfin santimita 10 zuwa 25, kuma ƙasa mai danshi bayan ruwan sama ta fi bayar da amsa.

A yanka ƙasa ɗan nesa da tsakiyar ƙarar, don ƙarzanen shebur a jikin sule ba ya gogewa. A mayar da ramin yadda yake, a rubuta wurin.

Don Allah kar a goge sule da yashi, lemon tsami ko ruwan khal. Koren rufin da ke jikin tagulla kariya ce, cire shi yana karya darajarsa. Tataccen ruwa da burushi mai laushi sun isa, sannan a busar da shi sosai. Idan kuwa koren ya zama gari yana zuba, gishiri ne ke cinsa daga ciki. A ware shi a busasshen wuri, a kai wa masani.